Garin furobayotik na 'yan aladu: abin da yake yi a lokacin yaye da abin da ya fi ƙarfinsa

Duk mai kiwon aladu ya san cewa makonni biyu na farko bayan yaye su ne suka fi kowane lokaci cin dabbobi da cin aljihu. A gonakin da ake kiwo don kasuwa ana raba ɗan alade da uwarsa yana da mako 3 zuwa 4 a duniya, alhali da an bar su da halinsu sai ya kai wata uku ko fiye yana tsotso, yana rage nono a hankali har ya saki da kansa. Rana ɗaya ake ɗauke masa nono, a canza masa ɗaki, a haɗa shi da waɗanda bai sani ba, a kuma ajiye masa busasshen abinci a gabansa, don haka ba abin mamaki ba ne idan zawo ya biyo baya. Garin furobayotik da zan yi magana a kansa, wato garin ƙwayoyin halitta masu rai masu amfanar hanji, domin wannan gaɓar aka yi shi, kuma na yi aiki da shi a garkunan da nake duba lafiyarsu har na ga inda yake da amfani na gaske da inda aka zuzuta shi. Ban ambaci sunan kamfanin ba, saboda kamfanoni da dama ne suke sayar da irin wannan haɗin, kuma kusan duk abin da zan faɗa ya shafe su baki ɗaya.

Gari ne mai laushi, fari-fari, ba shi da wani wari mai ƙarfi, yana zuwa a cikin leda mai rufin dalma wadda iska da haske ba sa shiga. Abin da ke cikinsa ƙwayoyin bakteriya ne masu rai iri biyu, Bacillus subtilis da Bacillus licheniformis, an gauraya su da wani gari da ke ɗauke da su domin a samu abin aunawa. Takardar da ke jikin ledar ta ce kowane giram ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi masu rai fiye da biliyan 3, kuma a zuba giram 400 a cikin tan ɗaya na abinci, wanda idan aka yi lissafi ya kama biliyan ɗaya da 'yan kai a kowane kilo na abincin da dabba za ta ci. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin ma'anar da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO da WHO, suka ba furobayotik a shekarar 2001 ita ce ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda suke amfanar lafiya idan aka ba da su da yawan da ya isa. Idan ƙwayoyin sun mutu a cikin leda, ko kuma an ba da abin da bai kai ba, to abin da aka zuba a abincin gari ne kawai.

Kafin a yi wa garin hukunci ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin ɗan alade a kwanakin nan. Ana haihuwarsa ba tare da garkuwar jiki daga uwa ba, domin mahaifar alade ba ta barin sinadaran kariya su ƙetara zuwa ga ɗa, sai ta hanyar dakashi, wato nonon farko, wanda dole ya sha shi a cikin yini na farko kafin hanjinsa ya daina tsotse su. Wannan kariyar aro tana raguwa daidai lokacin da ake yaye shi, tasa kuma ba ta gama ƙarfi ba. Tumbinsa bai iya fitar da ruwan tsami mai yawa ba tukuna, yana dogara ne da bakteriyar Lactobacillus da ke mayar da sukarin nono ya zama tsami mai hana miyagun ƙwayoyi wucewa. Da zarar nono ya yanke, wannan tsamin ya ragu. Sannan da yawansu sukan yi yini ɗaya ko biyu ba su ci abin kirki ba, ƙananan tsiran da ke bangon hanji masu tsotse abinci su motse, daga baya yunwa ta sa su cika ciki da abin da ba za su iya narkarwa ba. Ragowar abincin nan ne bakteriyar E. coli take samu ta yaɗu, musamman nau'o'in F4 da F18 masu manne wa bangon hanji suna zuba dafin da ke jawo ruwan jiki zuwa cikin hanji. Zawon yaye ke nan, kuma mai kiwo yakan gan shi a ƙasan ɗaki kafin ya gane wanda ke yin sa.

Shekaru da yawa ana toshe wannan ɓaraka ne da antibayotik a cikin abinci, ko da sinadarin zink mai yawa, har miligiram 2,500 a kowane kilo. Dukansu suna aiki, amma suna barin baya da ƙura. Ƙasar Suwidin ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu gaba ɗaya daga farkon 2006, sannan a watan Yunin 2022 ta hana amfani da zink mai yawa a matsayin magani, saboda taruwarsa a ƙasar noma ta hanyar taki da kuma yadda yake taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka gano ƙwayar gado mai suna mcr-1 a cikin E. coli ta aladu, wadda ke sa bakteriya ta gagari kolistin, maganin da likitocin mutane suke ajiyewa don ranar da sauran magunguna suka gaza, kuma a 2017 ƙasar ta hana sa kolistin a abinci don ƙara girma. Wannan ne ya sa ban ɗauki furobayotik a matsayin kayan ƙawa ba. Duk abin da zai rage yawan antibayotik da ake ɗura wa dabbobi masu lafiya ya cancanci a gwada shi da gaskiya, domin ƙwayar cutar da ta gagari magani a garke ba a garken take tsayawa ba.

Abu na farko da zan yaba wa garin shi ne juriya. Bakteriyar Bacillus tana iya naɗe kanta a cikin ƙwanso mai tauri ta kwanta, ba ta ci ba ta girma, har sai ta samu danshi da ɗumi irin na cikin hanji sannan ta farka. A wannan hali tana jure zafin injin da ke dunƙula abinci, wanda yakan kai digiri 80 ko fiye, tana jure tsamin tumbi, kuma tana daɗewa a ajiye. Furobayotik na Lactobacillus, duk da cewa su ne ainihin mazauna hanjin ɗan alade, ba su da wannan ƙwanson, zafi yana kashe su, ruwan da aka sa wa sinadarin kilorin ma yana kashe su. Ga mai kiwon da ba shi da firiji a gona, ko wanda yake sayen abinci dunƙulalle, wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi irin wannan garin. Idan ƙwayoyin suka farka a hanji suna shanye iskar oksijin da ke wurin, wanda hakan ke gyara wa Lactobacillus wurin zama, suna fitar da sinadaran da ke taimakawa wajen narkar da sitaci da furotin, wasu nau'o'insu kuma suna fitar da abubuwan da ke danne miyagun bakteriya. Sai dai ba sa zama a hanjin dindindin, suna wucewa ne tare da abinci, idan aka daina bayarwa cikin 'yan kwanaki sun fita. Takardar ta faɗi cewa a riƙa bayarwa kullum, amma ba ta faɗi dalili ba, kuma na ga masu kiwo da yawa suna ba da shi kwana uku su tsaya kamar yadda suka saba da allura.

Inda aikin yake da wahala shi ne wajen haɗawa, kuma a nan nake ganin masu yin garin ba su yi tunanin ƙaramin mai kiwo ba. Giram 400 a tan ɗaya yana nufin giram 20 a buhu mai kilo 50, abin da bai cika tafin hannu ba. Babu cokalin awo a cikin ledar, babu kuma bayanin yadda za a yi idan ba a da injin gauraya. Wanda ya zuba wannan ɗan garin a kan tulin abinci ya juya da shebur sau biyu, to wasu 'yan aladun za su ci ninkin abin da ake so, da yawansu kuma ba za su samu komai ba, kuma galibi raunanan da ake ture su daga mazubi su ne za su rasa. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a auna garin da ƙaramin sikeli mai nuna giram, a zuba shi a cikin kamar kilo ɗaya na abinci mai laushi a bokiti mai murfi, a girgiza sosai har launin ya zama ɗaya, a juye wannan a cikin kilo biyar a sake cakuɗawa, sannan a baza shi a kan sauran abincin a juya daga gefe zuwa gefe sau da yawa. Aikin minti kaɗan ne, amma shi ne ke raba wanda zai ga amfani da wanda zai ce an cuce shi. Haka kuma kada a jiƙa abinci mai yawa a bar shi ya kwana, domin danshi yana farkar da ƙwayoyin tun a waje, yana kuma kiran fumfuna.

Game da sakamako, ga abin da idona ya gani. A garkunan da aka fara sa garin a abincin ɗanɗano tun 'yan aladun suna tare da uwarsu, aka ci gaba da shi har makonni bayan yaye, zawon bai ɓace ba, amma ya yi sauƙi. Da safe idan aka shiga ɗaki, maimakon ruwan kashi mai launin toka da ya malale a kusurwa ya ɓata bango, sai a tarar da kashi mai ɗan kauri wanda shebur ke iya ɗauka. Bayan 'yan aladun da gindin wutsiyarsu sun fi zama a bushe, kuma an rage ganin irin ɗan aladen nan da ke raɓe a gefe, gashi a tashe, ido ya faɗa, ƙashin baya ya fito. Sun fi saurin komawa ga mazubi, rukunin kuma ya fi tashi kai ɗaya, ba a samu ƙanana da yawa da aka bari a baya ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne raguwar lokutan da ake buƙatar sa wa dukan ɗaki antibayotik a ruwan sha, sai dai a ware ɗaya ko biyu a yi musu magani su kaɗai. Ƙarin nauyi kuwa ɗan kaɗan ne, irin wanda sai da sikeli ake gane shi, kuma wannan ya yi daidai da abin da gwaje-gwajen masana suka nuna, cewa amfanin furobayotik a aladu yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma ya fi fitowa a kan ƙanana da suke cikin matsi fiye da manyan da hanjinsu ya riga ya zauna.

Ba wa uwa garin a makonnin ƙarshe na ciki, wanda tsawonsa kwana 114 ne, da kuma lokacin shayarwa, abu ne da nake ba da shawara a kai, domin ƙwayoyin farko da ke shiga hanjin ɗan alade daga jikin uwa da kashinta suke fitowa. Ga manyan aladun da ake kitsawa kuwa ban ga abin da ya kai a ci gaba da kashe kuɗi a kansa ba, sai dai a lokacin canjin abinci ko bayan jigila.

A wasu garkunan garin bai yi komai ba, kuma dalilin a bayyane yake. Inda aka fara ba da shi bayan zawo ya riga ya kama ɗaki, ba a ga canji ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya, ɗan aladen da ya daina cin abinci kuma ba zai ci maganin da ke cikin abincin ba. Inda ƙasan ɗaki yake a jiƙe, iska mai sanyi tana shiga da dare, shi ma haka, domin sabon yaye yana buƙatar ɗumin da ya kai digiri 28 ko kusa da haka a makon farko, kuma idan aka ga sun hau kan juna sun dunƙule a kusurwa, sanyi suke ji. Inda abincin yake da furotin fiye da abin da hanjinsu zai iya narkarwa, ko ya yi fumfuna, ko mazubin ruwa ya yi kore, biliyan ɗaya na ƙwayoyi masu amfani ba za su rinjayi ƙazantar da ake ci da sha kullum ba. Wannan ba laifin garin ba ne, amma laifin masu tallarsa ne da ba sa faɗa.

A nan ne babban ƙorafina yake. An rubuta a gaban ledar da manyan baƙaƙe cewa garin yana ba da kariya daga cututtuka, ba tare da an ce waɗanne ba. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce hanji yana ɗauke da babban kaso na garkuwar jiki, kuma dabbar da hanjinta yake lafiya ta fi jure ƙananan cututtuka. Amma mai kiwon da ya karanta wannan jimla yana iya ɗauka cewa ya sayi rigakafin komai, kuma na haɗu da waɗanda suka ɗauka hakan. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a 1921, ya kuma shiga ƙasar Sin a 2018 ya hallaka aladu masu ɗimbin yawa, ƙwayar bairos ce ke kawo shi, nau'insa mai tsanani yana kashe kusan duk dabbar da ya kama, kuma babu furobayotik da ke hana shi. Abin da ke tare shi shi ne hana baƙi shiga garke, killace sabuwar dabba kafin a haɗa ta da sauran, wanke takalma da kayan aiki, da daina ba aladu ragowar abincin da ke da nama. Zawon da ke kama 'yan aladu a mako na biyu da haihuwa, mai launin rawaya da maiƙo, sau da yawa koksidiya ce, wata ƙwayar cuta ta hanji da ba bakteriya ba, kuma tana da nata maganin. Ciwon kumburi da wani nau'in E. coli ke kawowa bayan yaye, wanda ke kumbura fatar ido ya sa dabba tangaɗi, yakan kashe mafi ƙoshi a cikin rukuni cikin sa'o'i, kuma allurar rigakafi ce maganin hana shi. Tsutsar ciki ma ba ta jin wannan gari. Jimla ɗaya a jikin leda da za ta ce ba ya maye gurbin rigakafi da magani da tsafta, da ta ceci dabbobi da yawa.

Abin da na yaba a takardar, wanda kuma nake roƙon mai saye ya duba a kowace leda ta kowane kamfani, shi ne an rubuta cikakken sunan kowace bakteriya tare da lambar nau'inta, da adadin ƙwayoyi masu rai, da ranar da aka yi da ranar lalacewa. Lambar nau'i ba ado ba ce. Bakteriya biyu suna iya zama da suna ɗaya amma halinsu ya bambanta, ɗaya ta yi amfani, ɗaya ta zama ba ta da wani tasiri, wata ma ta zo da illa. A 2013 Tarayyar Turai ta dakatar da izinin wani nau'in Bacillus da aka daɗe ana sa wa a abincin dabbobi, bayan hukumar kula da lafiyar abinci ta EFSA ta gano yana ɗauke da ƙwayoyin gado na bijire wa antibayotik, kuma yana iya fitar da dafi. Saboda haka ledar da aka rubuta wa “ƙwayoyi masu amfani” kawai, ba suna ba lamba ba adadi, ba na barin a sa ta a abincin dabbar da nake dubawa, komai arharta. Haka nan garin da aka farke aka ƙulla a ƙananan ledoji marasa takarda, domin babu mai iya sanin abin da ke ciki ko tsawon lokacin da ya yi a buɗe.

Wajen ajiya bai ba da wahala ba. Idan aka matse iska aka naɗe bakin ledar, aka sa ta a wuri busasshe mai inuwa nesa da ƙasa, garin yana zama a warware har ya ƙare. Wanda aka bari a buɗe a ɗakin da ke da danshi yakan dunƙule, kuma dunƙulallen gari ba ya gauraya daidai ko da ƙwayoyin suna raye. Ledar ta yi wa ƙaramin garke girma, kuma ba ta da zif ɗin rufewa, abin da gyaransa ba zai ci kamfanin komai ba. Idan likita ya rubuta antibayotik, a gaya masa ana ba da wannan garin, domin wasu magungunan suna kashe Bacillus ɗin da zarar ya farka, kuma ya fi kyau a ci gaba da bayarwa bayan an gama maganin, lokacin da hanjin ke buƙatar sake cika da ƙwayoyi na gari.

Ga mai uwaye da ke haihuwa a gonarsa, wanda yake yaye da kansa, yake da ɗaki busasshe mai ɗumi da sikelin giram, kuma zai jure bayarwa kullum daga abincin ɗanɗano har makonni huɗu zuwa shida bayan yaye, ina ganin garin ya cancanci kuɗinsa, domin ɗan alade ɗaya ko biyu da suka tsira, tare da maganin da ba a saya ba, sun isa su biya shi. Mai sayen manya yana kitsawa zai iya barinsa. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ko ruwan shan dabbobinsa ba shi da tsafta, ya fara kai kuɗin can tukuna. Wanda kuma zai gwada, ya raba 'yan uwa ɗaya gida biyu masu kama da juna a nauyi, ya ba rabi ya hana rabi, ya auna su ranar yaye da bayan wata guda, ya riƙa rubuta yanayin kashinsu kowace safiya. Idan a tsakiyar gwajin ya ga ɗan alade yana zawo kamar ruwa, idonsa ya faɗa, fatarsa ba ta komawa idan an ja ta, ya ware shi nan take a wuri mai ɗumi, ya ba shi ruwan gishiri da sukari, ya kira likitan dabbobi a ranar, domin ƙaramin alade yana iya mutuwa da rashin ruwa kafin wayewar gari.